Zaɓen kwaleji a Amurka ga mai son zama likita

A Amurka, sai ka yi digiri na farko a kwaleji kafin ka nemi karatun likita. Galibin masu ba da shawara kan zaɓen kwalejin sun haɗu a kan abu guda: kada ka ruɗu da kwalejin da ke alfaharin cewa kusan duk ɗalibanta na samun gurbin karatun likita. Wasu kwalejojin kan hana masu raunin maki wasiƙar goyon bayan neman gurbin tun farko, sai su ƙirga waɗanda suka tsallake kawai. Tambayi kwalejin nawa suka fara, nawa suka zauna MCAT, wato jarrabawar neman shiga makarantar likita.

Alƙaluman albashin tsofaffin ɗalibai na College Scorecard kuwa, wato shafin gwamnatin Amurka na kwatanta kwalejoji, ɗaliban da suka karɓi tallafin gwamnatin tarayya kaɗai suka shafa. Ga shi likita kan shafe shekara 3 zuwa 7 yana horon asibiti da ɗan albashi, lokacin da injiniya tsaransa tuni ya yi nisa, don haka kada ka dogara da alƙaluman albashin kaɗai. Ɗaya daga cikin masu shawarar ma cewa ya yi a fara duba kuɗin makaranta, don bashin karatun likita na nan gaba.