Neman kalma: me za mu kira "birki fad", da wannan baƙin garin da ke ɓata wili?

1/ Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na je Ƙofar Ruwa a Kano da bakanikena sayen abin da suke kira "birki fad". Mai shagon ya ɗauko kwali biyu, ya ce ɗaya na gama-gari ne, ɗayan kuma "lo dos". Na ce masa, "Alhaji, fassara mini da Hausa." Ya ce, "Ba ya ƙura." Wani dattijo mai tasi da ke gefe ya ce to shi irinsa yake so, domin hunturu ya kusa, ƙura za ta cika masa birki. A nan na gane cewa rashin kalma zai iya sa mutum ya sayi abin da ba shi yake nufi ba, kuma a kan birki, inda rai yake.

2/ Bari mu fara da abin da kansa. A bayan wili akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Idan ka taka birki, man birki yana tura wasu 'yan falle biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su matse faifan. Gogayyar ce ke mayar da gudun mota ya zama zafi, motar ta tsaya. Faifan bai ba mu wahala ba, "faifan birki" ya zauna daram. Fallayen nan biyu ne muke nema wa suna.

3/ Na tambayi mutane, na samu shawarwari. Wani ya ce "matashin birki", saboda kalmar Turancin tana nufin abin da ake tausasawa da shi. Ban karɓa ba. Matashi laushi gare shi, wannan kuwa abu ne mai tauri da aka gasa aka manna a jikin ƙarfe. Wani ya ce "takalmin birki". Da ya yi, sai dai sunan yana da mai shi: birkin baya na motoci da yawa da na Keke Napep irin na ganga ne, a cikinsa akwai wasu lanƙwasassun ƙarafa biyu da kanikawa ke kira "shu", wato takalmi. In muka ba fallen gaba wannan suna, yaron shago zai riƙa kawo na baya a madadin na gaba. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce a wajensu kalmar Faransanci ce ke yawo, "palaket". Ka ga ke nan Bahaushen Kano da na Maraɗi ba za su fahimci juna a kan abu ɗaya ba.

4/ Shawarata ita ce TAFIN BIRKI, jam'i tafukan birki. Dalili biyu gare ni. Na farko, ɗauki faifai ka juya shi, sannan ka tsayar da shi da tafukan hannunka biyu: abin da ke faruwa a ƙafar mota ke nan, babu ragi. Na biyu, tafin takalmi. Shi ke shan gogayya da ƙasa, shi ke cinyewa, shi ake kai wa baduku ya sake. Don haka "tafin birkina ya cinye" magana ce da kowane Bahaushe zai gane ba tare da bayani ba. Sabon tafi kaurinsa kan kai milimita 10 zuwa 12, idan ya sauko kusan 3 lokacin sauyi ya yi, kar a jira sai ƙarfe ya fara kuka a kan ƙarfe.

5/ An ce mini za a rikita shi da "tafi" na tafiya. A baki sautinsu daban ne, a rubuce kuma "tafin birki" ba ya karantuwa ta wata fuska. Ƙarfen da ke riƙe da tafukan yana matsa su kuwa, na so in ce masa "hannun birki", sai na tuna muna da "birkin hannu", rikici zai shigo. A bar shi da "kalifa" yadda kanikawa ke faɗa.

6/ Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wannan baƙin abu da ke lulluɓe wilin gaba ba ƙura ba ne. Ƙura daga waje take zuwa, iska ke kawo ta. Wannan daga jikin birkin yake fita: duk takawa ɗaya, tafi yana kankare faifai, faifai yana kankare tafi. Kaso mai yawa na garin nan ƙarfen faifan ne, shi ya sa yake baƙi, yake mannewa da zafinsa, idan ruwa ya taɓa shi aka bar shi ya yi tsatsa ya ci fentin wili. Wilin gaba ya fi na baya baƙi domin nauyin mota gaba yake komawa idan an taka birki, ƙafafun gaba ke yin yawancin aikin.

7/ Na auna "toka", amma ba ƙonewa ce ta haife shi ba. Na auna "kunkunniya", ita kuma ta hayaƙi ce. Wadda ta kwanta mini ita ce DUSAR BIRKI. Muna cewa dusar katako ga abin da zarto ke zubarwa, muna cewa dusa ga abin da ke fita daga hatsi idan an surfa. Ita ce ragowar da aiki ke fitarwa daga jikin abu. Saboda haka "lo dos" ya zama "mai ƙarancin dusa". Ina roƙon masu shaguna kar su ce "marar dusa". Babu tafin da ba ya dusa, domin wanda ba ya cinyewa ba ya kamawa.

8/ Da wannan suna za a iya yi wa dattijon nan bayani. Tafi iri uku ne a kasuwa. Akwai mai taushi da aka haɗa da zare da roba da ƙaro: ba ya ƙara, yana da araha, yana saurin cinyewa. Akwai mai gaurayen ƙarfe: yana jure zafi, yana kamawa da ƙarfi, amma shi ya fi dusa, ya fi cin faifai, wani lokaci yana kuka. Sai siramik, wanda kamfanoni irin su Akebono na Japan suka yi suna a kansa: dusarsa kaɗan ce, launinta fari-fari, ba ta mannewa sosai. Kar mu fassara shi da "tangaran", mutane za su zaci zai fashe kamar kofin shayi. Siramik ɗin ya wadatar.

9/ Wa ya dace da wane? Mai ƙaramar mota da ke zirga-zirgar cikin gari, gida zuwa ofis, siramik mai kyau zai ba shi wili mai tsabta da birki marar kuka. Amma direban haya da ke cika Sharon ko Hiace da mutane da kaya, yana gangara Hawan Kibo daga Jos zuwa Akwanga, wallahi ba tsabtar wili ce matsalarsa ba. Zafi ne. Shi mai gaurayen ƙarfe na kirki ya fi masa, ya wanke wilinsa duk mako. Kuma a dubi kwali da kyau, rubuta "siramik" a jikin kwali ba shi da wuya, jabu ya yi yawa.

10/ Saura kalmar da matasa ke ce wa "ofgired". Wasu suna fassara ta da "ƙara ƙarfin birki". A ganina "ƙara wa birki juriya" ya fi gaskiya. Birkin mota mai lafiya ya riga ya isa ya kulle taya, abin da ke iyakance tsayawarka a takawa ɗaya shi ne kamun taya da kwalta. Babban faifai ko kalifar kamfanin Brembo ba za su ceci mai suɗaɗɗiyar taya ba. Amfaninsu shi ne birki ya daɗe yana aiki bai gaji ba idan ana ta takawa a gangara. Kuma mafi arahar ƙarin juriya shi ne man birki. Yana shan danshin iska a hankali, sai ya riƙa saurin tafasa, idan ya tafasa feda ta nutse. Sabon man birki mai lambar DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuma 230. A sauya shi kamar duk shekara biyu. Kar a zuba DOT 5 a cikinsu, shi na silikon ne, ba sa haɗuwa.

11/ Dusar nan ba ta tsaya a wili ba. A 2010 jihohin Kalifoniya da Washinton na Amurka sun yi dokar rage jan ƙarfe a tafin birki, zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100 a 2021, saboda ruwan sama yana wanke shi zuwa koguna yana cutar da kifi. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar Euro 7, wadda a karon farko ta sa iyaka ga dusar da birki ke saki a iska, miligiram 7 a kilomita ga ƙananan motocin fetur da dizal. Ranar da ɗan jarida zai ba da wannan labari a rediyo, in ya ce "ƙurar birki", mai sauraro zai ɗauka hanya ce ba a share ba.

12/ Ga kanikawanmu kuma, iyayen gidanmu, ina da roƙo: a daina hure dusar birki da iskar kwamfireso a fuskar yaran gareji. A da da asbestos ake yin tafukan birki, wani ma'adini mai zare-zare da ke jawo cutar daji a huhu, kuma har yanzu akwai ƙasashen da ba su hana shi ba. A jiƙa tsumma a goge.

13/ Gobe in Allah ya kai mu zan koma Ƙofar Ruwa in ce a ba ni tafin birki mai ƙarancin dusa na Corolla, ba tare da na ƙara bayani ba, in ga abin da yaron shago zai ɗauko. Masu gareji a Panteka ta Kaduna da Damagaram, ku gwada a wajenku ku faɗa mana. Har yanzu ina neman sunan ɗan ƙarfen nan da ke jikin tafi, wanda ke fara ƙyaƙ-ƙyaƙ idan tafin ya kusa ƙarewa.