Tambaya a kan hasken da ke keta sama da dare

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. A daren sanyi a nan Zariya mukan ga haske ya keta sama ya ɓace nan take, mutane su ce tauraro ya faɗo. Ina roƙon masana su bayyana mana ko tauraro ne da gaske, kuma idan wani abu ne dabam, ta yaya yake isowa gare mu?

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam. Ba tauraro ba ne, domin kowane tauraro rana ce mai zaman kanta. Abin da ake gani ɓarɓashin dutse ne, galibi bai wuce ƙwayar gero ba, wanda yake shiga iskar duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa guda, ya matse iskar da ke gabansa har ta yi zafi mai tsanani, sai ya ƙone ƙurmus tun yana kimanin kilomita 100 daga ƙasa. Akwai lokutan da duniya take ratsa ƙurar da wani abu ya bari a hanyarsa ta kewaya rana, sai a riƙa ganin irin wannan haske da yawa, kamar a watan Agusta da take bi ta ƙurar tauraruwa mai wutsiya Swift-Tuttle, amma gajimaren damina yakan rufe mana wannan. Irinsa da ake yi a tsakiyar Disamba ya fi dacewa da mu, idan hazo bai yi yawa ba.

Hajiya daga Sabon Gari:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara a kan manyan da ba sa ƙonewa duka. Mafi yawansu daga tarin duwatsun da ke tsakanin duniyoyin Mars da Jupita suke. Duwatsun sukan yi karo su farfashe, ƙarfin jan Jupita ya karkatar da wasu gutsattsarin, su shafe miliyoyin shekaru suna kewaya rana kafin hanyarsu ta haɗu da tamu.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu sun san labarin dutsen da ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha a 2013, amma ba su san na Zagami ba, a ƙasar Katsina, wadda ba ta da nisa da mu. A ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da wani manomi. Daga baya bincike ya gano iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auna a Mars a 1976, wato wani babban karo ne ya fizgo shi daga can. Akwai kuma wanda ya faɗo a Mayo Belwa a 1974, da na Gujba a 1984.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. To gatarin aradu da ake tsinta a gonaki fa, shi ma daga sama yake?

Malamin Samaru:
A'a, wannan kayan aiki ne da mutanen zamanin da suka sassaƙa da hannunsu. Dutsen sama yakan zo da siririn ɓawo baƙi na ƙuna, yana da nauyi fiye da girmansa, kuma maganaɗisu yakan ja mafi yawansu. Wanda ya tsinci irinsa kada ya fasa shi ko ya wanke shi. Ya lura da wurin da ya same shi, ya kai sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a duba masa.