Wa ya taɓa shuka gude-gude don awaki?

Mai awaki, Kasala: Assalamu alaikum jama'a. A nan Sudan birsim, wato ciyawar alfalfa, ya yi tsada, abu sab'in, dawar da ake shukawa don dabbobi, ma ba a magana, ga awaki a ɗaure suna kuka tun asuba. Ina da ɗan fili a bayan gida, ƙasa mai yashi-yashi. Ina so in watsa irin ciyawar gude-gude a daminar nan maimakon in jira wadda Allah ya fito da ita. Wanda ya gwada don Allah ya faɗa mini yadda ya yi. Sannan yarana sun tsinko mini kawuna daga bakin hanya, wasu gajeru wasu dogaye, duka suna cewa ita ce.

Baba, Mai Wurno: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin maganar shuka ka fara rarrabe abin da yaran suka kawo, don dogayen nan ina kyautata zaton tuji ne. Kan gude-gude yatsu ne gajeru masu kauri, sau da yawa huɗu ko biyar, duk daga wuri ɗaya suke fitowa su baje kamar ƙafar kaza. Ka ɗauki yatsa guda ka duba ƙarshensa, za ka ga ɗan tsini wanda ba ƙwaya a jikinsa. Wannan tsinin shi ne shaidarka. Ka kuma ɗaga ganyen ga hasken rana, akwai gashi jere a gefensa, musamman wajen gindi. Tuji kuwa yatsunsa dogaye ne sirara, kuma sau tari za ka ga guda ɗaya ya fito ƙasa da 'yan'uwansa. In har yanzu kana shakka, kama gindin ka ja. Gude-gude za ta biyo hannunka, tuji sai ka sa ƙarfi. Kada kuma ka rikita ta da kirikiri, wadda ake ce wa najila a nan. Ita ba ta mutuwa da rani, jijiyarta na nan a ƙasa. Gude-gude 'yar damina ɗaya ce, ta zuba iri ta bushe. In za ka tambayi makiyaya Larabawa ka ce abu asabi, za su nuna maka.

Inna, Nyala: Malam, wannan ciyawar da kake nema wa awaki mu mun ci ta. A yunwar 1984 zuwa 1985 ita ce koreb, wato ƙwayar ciyawar daji, da ta riƙe gidaje da yawa a Darfur da Kordofan. Mata kan fita da tsintsiya da ƙwarya, har ramin tururuwa ake tonawa a kwashe abin da suka tara. A sussuka, a sheƙe, a niƙa, a yi tuwo ko kunu. Ina ganinta a bakin hanya har yau raina yana sosuwa.

Tara irin ba wuya. Ka bari sai kan ya juya ruwan ƙasa, ka yanko da safe kafin rana ta yi zafi, don in ya bushe ƙayau kana taɓawa yake zubewa. Ka shanya a kan buhu, ka murza da tafin hannu. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, jaja-jaja, sai ka sheƙe a hankali ko iska ta tafi da rabi.

Manomi, Gadarif: Ni na watsa a baƙar ƙasarmu, inda ruwa ke kwanciya ba ta yi ba, sai a tudu-tudu da gefen hanya. Tunda taka mai yashi ce ka dace.

Yaya, Sinja: Ɗan'uwa, abu biyu na gani da idona. Irin da aka tara yanzu-yanzu ba ya saurin tsirowa, wanda ya kwana rani a rataye a ɗaki shi ne ke fitowa da kyau. Na biyu, ba a binne shi. Na kwaɓa nawa da busasshen yashi don ya bazu, na watsa bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, na ja reshen ƙaya a kai, shi ke nan. Maƙwabcina ya yi rami ya rufe nasa kamar yadda ake yi wa dawa, kusan ba abin da ya fito. Kuma ka kange wurin. Tana rarrafe ne tana kafa saiwa a gaɓoɓinta, in awaki suka faɗa mata tana ƙarama za su tumɓuke ta duka.

Mai hawasha (gonar ban-ruwa), Jazira: Ku yi haƙuri, ni dai kuɗi nake biya a cire mini ita daga cikin gyaɗa. Malam, in filin nan kana da niyyar shuka kuɓewa ko gyaɗa a ciki baɗi, ka yi tunani. Ta zuba iri sau ɗaya, kowace damina sai ka gan ta. Kuma ba ta da auki irin na abu sab'in, ƙari ce kawai.

Mai awaki, Kasala: Allah ya saka da alheri. Baba, na duba, gajerun suna da tsinin, dogayen tuji ne kamar yadda ka ce. Filin na dabbobi ne kawai, in ta dawo kowace shekara ma haka nake so. Saura yanka: yaushe ya fi?

Baba, Mai Wurno: Da ta fara fitar da kai tana kore, yanka da lauje ka bar gindi, in da sauran ruwa za ta sake tohowa. Ka shanya a inuwa ka ɗaure dami-dami. Kusurwa guda kuma kar ka taɓa ta, ta nuna ka samu irin baɗi.