"Cancanta" ko "cika sharaɗi"? Mu tsayar da kalma ɗaya

Jama'a, ga abin da ya sa na tayar da wannan magana. Makon jiya wata shugabar ƙaramar sakandare daga wajen Kware ta kawo mini takardar neman tallafin gwamnati na kayan koya wa yara kwamfuta da haɗa mutum-mutumi, in fassara wa kwamitin iyaye. Da na iso kan kalmar Turanci eligibility sai na rubuta "cancanta", yadda kowa ke yi.

Ranar taro ana karantawa, wani dattijo ya gyara zaman hularsa ya ce wa shugabar: "Hajiya, mu da ɗiyanmu ke karatu zaune ƙasa, ina mu ina cancanta? A bar ma makarantun cikin Sakkwato." Saura kaɗan a naɗe takardar. Abin ya tsaya mini a rai, don fassarata ce ta kashe masa gwiwa.

A kunnen Bahaushe cancanta yabo ce. Wane ya cancanci sarauta, wance ta cancanci kyauta. Kalmar Turancin kuwa tambaya kawai take yi: abubuwan da aka gindaya, kana da su?

Ku duba TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi na gwamnatin tarayya. Dokarta ta 2011 ta keɓe kuɗin ga manyan makarantun gwamnati, shi ya sa Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke samu, amma sakandare ko ta fi kowace hazaƙan ɗalibai ba ta ciki. UBEC kuma, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, bisa dokar 2004, daga firamare take zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kuma sai jiha ta zuba nata kason daidai da na tarayya kafin ta ɗauki kuɗin. Duk wannan sharaɗi ne, ba a auna ƙoƙarin kowa ba tukuna.

Na ga shawarwarin da 'yan'uwa suka bayar kan kalmar da za ta maye gurbin "cancanta". Wani ɗan'uwa ya kawo "dacewa". Na gode, amma in ka ce makaranta ta dace, mutane za su ji kamar sa'a ta yi. "Halacci" ya yi nauyi, yana jawo tunanin haram a ɗaya gefen.

Wanda ya warware mini ita wani malaminmu ne na zaure. Na ce, "Allah gafarta Malam, ya za a ce?" Ya ce nisabin zakkar tumaki 40 ne, mai 39 ba a ce masa mutumin banza, sharaɗi ne bai cika ba. Ashe kalmar na bakinmu tun muna karatun Ahalari da Ishmawi.

To ga inda na tsaya: eligibility a ce "cika sharaɗi". Makarantar da ta cika, "mai cika sharaɗi". Jerin abubuwan da ake nema, "sharuɗɗan shiga". A ajiye "cancanta" sai wurin tantancewa, inda ake fifita wani a kan wani. Kuma don Allah a riƙa rubuta "tallafi, ba rance ba", domin iyaye da yawa tsoron bashi ke hana su sa hannu.

Na sake rubuta wa Hajiya takardar da wannan lafazi. Da kwamitin ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ɗaki mai kulle ne kawai babu, dattijon nan kuma ya ce ƙyauren da kwaɗon a kansa.