Shin Musulmi na ɗaukar mai wa'azin bishara a matsayin marar tsarki?

Mai Tambaya:
Salamu alaikum. Ni Kirista ne mai nazarin aikin mishan, kuma na lura cewa tattaunawa da Musulmi takan cije a kan tsarki tun kafin a kai ga aƙida. Shin a fikihu jikin wanda ba Musulmi ba najasa ne? Ya dace mai wa'azi ya riƙa alwala domin a saurare shi?

Ɗalibin Fikihu:
Barka da zuwa, ɗan'uwa. Aya ta 28 a Suratut Tauba ta kira mushrikai najasa, amma mafi yawan malamai sun fassara ta da ƙazantar aƙida, ba ta jiki ba. Hujjarsu ita ce an ɗaure Sumama ɗan Usal cikin masallacin Madina tun bai musulunta ba, Sayyidina Umar ya yi alwala da ruwan gidan wata Banasariya, sannan aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi. Abin da ke ɗaure wa Musulmi kai shi ne ya ga mutum ya ajiye littafin da yake cewa maganar Allah ce a ƙasa kusa da takalminsa, ko yana ja wa ayoyinsa layi da biro, alhali shi ba ya taɓa Alƙur'ani sai da alwala.

Mai Bishara:
Mu dai madogararmu ita ce Markus sura 7, inda Yesu ya koyar cewa abin da ke fitowa daga zuciya shi ke ƙazantar da mutum. Sai dai a ganina mun yi sakaci da Tsohon Alkawari, domin an umarci Musa ya tuɓe takalmansa, kuma Littafin Firistoci sura 15 cike take da dokokin wanka. Har yau Kiristocin Habasha ba sa shiga coci da takalmi. Bayan taron 1978 a Kolorado ta Amurka kan wa'azi ga Musulmi, 'yan mishan sun yi ta muhawara kan iyakar abin da za su ara daga ibadar Musulunci.

Ɗalibin Fikihu:
A nan ne nake da ja, Malam. A wurin mafi yawan malamai, alwala ibada ce da ke buƙatar niyya, kuma Musulunci sharaɗi ne na ingancinta. Mai wa'azin da ya yi ta domin a zaci shi Musulmi ne, ranar da aka gane shi za a kira abin yaudara, ba kuma za a ƙara ba shi kunne ba. Ya wanke hannunsa, ya ɗora littafinsa a wuri mai daraja, ya faɗi addininsa a fili tun a gaisuwar farko.