An sallame ni daga aiki: me kuka fara yankewa a gida?

Abban Walid, Kano
Assalamu alaikum jama'a. Yau sati uku da masana'antar da nake wa aiki a Sharaɗa ta rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Shekara tara ina kula da sito. Sun ce dizal da kuɗin wuta sun cinye riba, suka ba mu albashin wata biyu, a sauka lafiya. Yarana huɗu, uku suna makarantar kuɗi, haya kuma za ta ƙare bayan babbar Sallah. Har yanzu uwargida ba ta sani ba. Kullum ƙarfe bakwai nake shiryawa in fita, in zauna a shagon abokina a Kantin Kwari har la'asar. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, don Allah me kuka fara yankewa?

Maman Hanifa, Zariya
Wa alaikumus salam. Allah ya musanya da mafi alheri. Amma Abban Walid, wannan fitar ta ƙarfe bakwai ita za ka fara yankewa. Kana kashe kuɗin Adaidaita zuwa da dawowa don ka ɓoye wa wadda ke riƙe da tukunya.

Maigidana haka ya yi min, wata biyu cur. Ni kuwa ina ta girki kamar da, na yi ankon bikin ƙanwar ƙawata, na shiga sabon adashi. Ranar da na ji labari, a bakin matar abokinsa na ji, wallahi kunyar da na ji ta fi ɓacin ran yawa. Da ya faɗa min tun farko, kuɗin atamfar nan kaɗai ya sai mana masarar wata guda.

Ga abin da na yi daga baya. Girki ya koma sau biyu, abincin rana in yi shi da yawa ya kai dare, tuwon da ya kwana a yi ɗumame da safe. Shayi da burodi ya koma kunun tsamiya da ƙosai, wake kuma ni nake wankewa in kai niƙa. Nama sai ranar Juma'a, sauran kwanaki awara da ƙashin miya. Shinkafa ta koma afafata, wadda da a ba kaji da kifi muka san ta. Sai kin zauna kin tsince ta a faranti, kin wanke sau huɗu, in ba haka ba tsakuwa ta fasa miki haƙori. Da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa babu ranar da aka kwana da yunwa. Yara sun yi ƙorafi sati ɗaya, suka saba.

Ummu Sadiq
Maman Hanifa, gas fa? Ni na koma gawayi amma ban ga wani sauƙi ba.

Maman Hanifa, Zariya
In kina sayen ƙulli-ƙulli ba za ki gani ba, sai buhu. Wake da tuwo a gawayi, ɗumame da ruwan zafi a gas. Kuma ki jiƙa wake tun dare.

Baba Ɗanladi, Kaduna
Ɗana, tambaya ɗaya: ana cire maka kuɗin fansho daga albashi? In ana cirewa, dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar karɓar kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa, idan ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Ka adana takardar sallamarka da kyau, za su nema. Tun yanzu ka je wurin kamfanin da ke riƙe da asusun ka duba ko wurin aikinku yana zuba kuɗin da gaske, don mu an bar mana giɓin wata bakwai. Sau ɗaya ake karɓa, saboda haka ni haya na biya da shi.

Aikina ya tafi a watan Yulin 2023, wata biyu bayan cire tallafin mai, lokacin da lita ta haura naira 600. Ina da 'yar tsohuwar mota, na riƙe ta wata shida don kada a ce Baba Ɗanladi ya karye. A ƙarshe na sayar da ita da injin da ya fara hayaƙi, dillali ya yi min tayin wulaƙanci na karɓa. Janareta ma na kulle shi, muka sayi fitila mai sola da maficin kaba. Zafin Afrilu dai sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Ɗan Gwammaja
Kuɗin dish, data da lemon kwalba. Ka lissafa a takarda na wata ɗaya, za ka tsorata.

Malama Ta Annabi
Ni makaranta na yanke, na mai da yara ta gwamnati, da yamma ina yi musu darasi da kaina. Ba na nadama.

Abu Khalifa, Katsina
Malama, ke malama ce shi ya sa. Ni na cire ɗana yana aji biyar, ya tarar da ajin da ya fi mutum ɗari, a zango ɗaya karatun ya koma baya. Shawarata, ka je ka sami mai makarantar ido da ido kafin a koro yaran. Da yawansu sun gwammace a biya su kashi uku da su rasa ɗalibi. In dole sai an cire, a bar wanda ke dab da jarrabawar fita. Kuɗin motar makaranta da na abinci kuwa a yanke yau.

Malama Ta Annabi
Ba duka suka lalace ba, sai ka zaga ka duba. Kuma bashin makarantar kuɗi in ya taru, sakamakon yaro suke riƙewa.

Ɗan Maraɗi
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni lodin manyan motoci nike yi, kayan da ka bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya. Da anka rufe iyaka a Agustan 2023 bayan juyin mulki, aiki ya tsaya cak sai Maris na 2024, ga wuta da Najeriya ta yanke muna. Abin da ya cece mu, mu huɗu maƙwabta munka haɗa jikka-jikka munka sayi buhun hatsi ɗaya munka raba da tiya. Sayen awo kullum shi ka cinye talaka. Da damina na koma gonar tsohona, na bar ɗaki biyu na kama ɗaya. Kai da ke kusa da Dawanau, ba ka da uzuri.

Hajiya Babba
Duk an yi maganar ciki, ba a taɓo babban ramin ba: biki, suna, gudummawa, kuɗin cefanen 'yan'uwa. Mai albashi a dangi kamar rijiya yake, kowa da gugarsa. In ba ka buɗe baki ka ce ruwa ya ja baya ba, za su ci gaba da zurawa, kuma ba laifinsu ba ne. Ni na sanar da mahaifiyar maigida da kaina. Ita ce ma ta hana ƙannensa zuwa karɓar kuɗin makaranta, ta aiko mana da kwano biyar na gero. Biki ina zuwa da kayan da nake da su, in yi Allah sanya alheri, in taya wanke-wanke. Wadda ta yi fushi saboda ban yi anko ba, har yau ba ta huce ba, ni ma ban bi ta ba.

Ɗan Gwammaja
Na manta. Kada ka kuskura ka taɓa manhajojin bashin nan na waya. Na ci dubu ashirin, na makara kwana biyar, suka tura wa duk lambobin wayata saƙo cewa ni ɗan damfara ne, har surukina. Gara mai shagon unguwa ya rubuta ka a littafi.

Abban Walid, Kano
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na zaunar da ita, ina ta kame-kame. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ta sani tun satin farko: katin shaidar aikina yana cikin aljihun rigar da ta wanke, kuma takalmina ya daina dawowa da farar ƙurar sito. Ashe tun lokacin ta rage awon shinkafa, ni ban ma lura ba. Ta ce ɗaukar adashinta wata mai zuwa ne, za ta sayi waken suya ta fara awara a ƙofar gida.

Yau ban fita ƙarfe bakwai ba. Baba Ɗanladi, na nemo takardar, tana cikin ledar takardun haihuwar yara. Ranar Asabar ni da maƙwabtana biyu za mu shiga Dawanau. Wanda ya je kwanan nan, nawa ake sayar da buhun masara, kuma masu Adaidaita nawa suke karɓa su kawo shi Ɗorayi?