Yaro ya kamu da masassara a aji, iyaye ba su kusa: yaya kuke yi?

Assalamu alaikum malamai ƴan'uwana. Ina karantar da ajin CE1 (aji na uku na firamare) a wata lakwal da ke bakin garin Maradi, kuma wata matsala ta hana ni barci.

Tun komawarmu a watan Oktoba, kusan kullum sai yaro ya kifa kai bisa tebur, jiki zau kamar garwashi. Ran Talata wata yarinya ta yi ta rawar ɗari har haƙoranta na haɗuwa. Na kira lambar babanta ba ta shiga, ashe suna gona wajen girbin hatsi. Na goya ta a babur zuwa likita, aka yi gwaji, zazzaɓin cizon sauro ne, na biya daga aljihuna. Maganin kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 na ƴan ƙasa da shekara 5 ne, namu kuwa duk sun wuce nan.

Ba kuɗin ne kawai ke damuna ba. Da uban ya dawo, maimakon sannu sai ya ce wa ya ba ni izini. Raina ya ɓaci, amma na san yana da tasa gaskiyar. To in zuba mata ido kenan har la'asar?

Na kai maganar gaban COGES, wato kwamitin da ke kula da tafiyar da lakwal, aka ce asusu babu komi.

Don Allah, wanda lakwal ɗinsu ta taɓa karɓar yardar iyaye a rubuce tun farkon shekara, ko ta kafa ɗan asusun lafiya, yaya kuka shawo kan iyayen? Kuma ya halatta malami ya ba yaro parasitamol kafin a kai shi likita?